Babi na Huɗu: Girishma, Watannin da Rana ke Karɓa

Daga watan Mayu wata iska takan taso daga hamadar Thar, ta bi filayen arewacin Indiya har zuwa Bihar. Mutanen can suna ce mata lu. Busasshiya ce ƙwarai, takan fara kaɗawa da hantsi ta tsananta bayan azahar, kuma idan ta riski mutum a fili ba ruwa ba inuwa tana iya yin ajalinsa. A ranar 19 ga Mayu, 2016, zafi ya kai digiri 51 a ma'aunin salshiyos a garin Phalodi na jihar Rajastan, kuma shi ne mafi tsanani da hukumar yanayi ta Indiya ta tabbatar. Wannan lokaci ne tsofaffin littattafan ƙasar suke kira Girishma. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kai: bazara ce, zafin da ke gaban damina, lokacin da rijiya ke ja baya, idon kowa kuma yana sama.

Kashi shida suka yi wa shekara, kowane kashi wata biyu. Vasanta ce farko, sa'ad da itatuwa ke toho da fure. Sai Girishma, sai Varsha wato damina, sai Sharad wato kaka, sannan sanyi ya zo hawa biyu, Hemanta da Shishira. Girishma ta ɗauki watannin Jyeshtha da Ashadha, kusan daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuli ke nan. Ruwan damina yakan sauka a gaɓar Kerala, can kudu, wajen 1 ga Yuni, amma kafin ya iso Delhi sai ƙarshen watan. Mutanen arewa maso yamma su suka fi kowa daɗewa suna jira, kuma a ƙasarsu aka fara rera waƙoƙin addini da ake kira Veda.

Veda huɗu ne: Rigveda, Samaveda, Yajurveda da Atharvaveda. Rigveda ta girme su. Waƙoƙi 1,028 ne a cikinta, an kasa su kundi 10, kuma masana sun fi karkata ga cewa an tsara su tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Panjab da Indiya da Pakistan suka raba a yau. Masu waƙoƙin makiyaya ne, dukiyarsu shanu da dawakai, suna taɓa noman sha'ir. Da ka aka riƙe karatun, daga bakin malami zuwa kunnen almajiri, ɗaruruwan shekaru kafin a rubuta shi, kuma tsananin kiyaye lafazinsa ne ya sa hukumar UNESCO ta sa wannan salon rerawa cikin muhimman kayan gadon ɗan Adam a 2003.

Akwai abin da ya kamata a warware tun daga nan. A yau sunan Veda ya zama haja. Ana liƙa shi a jikin kwalin shayi, da man shafawa, da wuraren hutun masu kuɗi, har mutum ya zaci cewa Rigveda littafin girke-girke ne. Yawancin shawarwarin da ake jingina mata game da ci da sha a lokacin zafi ba a cikinta suke ba. Suna cikin littattafan likitanci na Ayurveda, waɗanda suka zo bayanta da sama da shekara 1,000, ko da yake likitocin sun ɗauki iliminsu a matsayin reshen Atharvaveda. Abin da Veda da kanta ta faɗa a kan bazara kaɗan ne. Sai dai a kan wannan kaɗan ɗin aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Ginshiƙin tunaninsu shi ne abin da suke kira rita, tsarin da ke sa rana ta fito a kan lokacinta, koguna su gangara teku, yanayi ya bi bayan yanayi ba tare da wani ya shiga gaban wani ba. A wurinsu tsarin nan bai tsaya ga sama da ƙasa ba. Faɗin gaskiya da cika alkawari suna ciki, kuma abin bautarsu Varuna, wanda suka ɗauka mai gadin tsarin, shi ne kuma mai kama maƙaryaci. Ke nan wanda ya saɓa wa lokaci da wanda ya saɓa wa maganarsa doka guda suka taka. Ba sai mutum ya yarda da allolinsu ba kafin ya ga nauyin wannan tunani.

Inda aka fi sanin ambaton Girishma a Rigveda shi ne waƙa ta 90 a kundi na 10, wadda ta siffanta halittar duniya da wata babbar hadaya ta wuta. A cikinta yanayin shekara su ne kayan aikin: lokacin fure ya tsaya a matsayin man shanu, kaka a matsayin abin da ake miƙawa, bazara kuwa ita ce itacen da wutar ke ci. Ba a ɗauki zafi a matsayin azaba ko kuskure ba, an ba shi aiki. Manoman arewacin Indiya har yanzu suna riƙe da irin wannan fahimta. Akwai kwana tara da ke farawa wajen 25 ga Mayu, suna ce musu nautapa, kuma sun yi imanin cewa idan kwanakin nan suka gasa ƙasa sosai damina za ta yi kyau. Ilimin yanayi bai tsayar da hukunci a kan kwana tara ba, amma ya yarda da asalin maganar: ɗumamar ƙasa a Mayu da Yuni tana cikin abin da ke janyo iska mai laima daga tekun Indiya. Kuma wannan iskar ce ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan da ƙasar ke samu a shekara.

Wanda yake son jin yadda jiran ruwa yake a zuciyar waɗannan mutane, ya nemi labarin waƙar kwaɗi, ta 103 a kundi na 7 na Rigveda. Ta kwatanta kwaɗin da suka kwanta shiru a busasshen tafki da malaman addini masu riƙe da alwashin shiru, har ruwan farko ya sauka su ɓarke da kuka, wannan yana amsa wa wancan yadda almajiri ke maimaita karatun malaminsa. Masana sun daɗe suna gardama ko zolayar malamai ake yi ko kuwa addu'ar roƙon ruwa ce. Ni abin da ya fi burge ni shi ne idon mawaƙin. Ya lura cewa halittar da ta fi kowa son ruwa ba ta yaƙi da fari, laɓewa take yi ta rage motsi har lokacinta ya zo. Babban labarin Rigveda kansa, na yadda abin bautarsu Indra ya kashe maciji Vritra da ya tare ruwa ya saki koguna, labarin mutanen da suka san ƙishirwa ne.

Atharvaveda ta fi kusa da rayuwar gida. A cikinta akwai addu'o'in korar zazzaɓi, wanda suke kira takman, kuma sun bambanta na bazara da na damina da na kaka, alamar cewa tun a lokacin sun gane kowane yanayi da cutarsa. A cikinta kuma waƙar ƙasa take, a farkon kundi na 12, mai baiti 63. Ta ɗauki ƙasa a matsayin uwa, ta lissafa yanayi shida ɗin nan, kuma a wani wuri mai addu'ar yana roƙon abin da ya haƙa a jikinta ya yi saurin mayewa, kada ya taɓa mata wuri mai kisa. Manomi ne ko mai haƙar rijiya da ya san dole ya yi wa ƙasa rauni, yana neman ya tsaya a iyaka.

Likitoci ne suka mayar da wannan tunani tsarin rayuwar yau da gobe. Littafin Charaka Samhita, wanda ya kai siffarsa ta farko wajen ƙarni na 1 zuwa na 2 miladiyya, ya ware babi na 6 na sashensa na farko ga yanayin shekara. Daga baya, wajen ƙarni na 7, Vagbhata ya sake tsara darasin a littafinsa Ashtanga Hridaya. Sunan darasin ritucharya, wato yadda mutum zai tafiyar da kansa a kowane yanayi.

Sun raba shekara gida biyu. Wata shidan da rana ke tafiya arewa sun kira su adana, lokacin karɓa, domin a ganinsu rana da iska suna tsotse laima da ƙarfi daga ƙasa, da tsiro, da dabba, da mutum. Sauran wata shidan kuma visarga ne, lokacin mayarwa. Girishma ita ce ƙarshen lokacin karɓa, saboda haka a nan da kuma farkon damina ƙarfin mutum ya fi yin ƙasa, wutar cikinsa mai narkar da abinci ma ta yi rauni. Daga wannan guda ɗaya duk sauran shawarwarin suka fito. Tun da ana karɓa daga jikinka, kada ka ƙara wa mai karɓar hannu.

Charaka ya ce a nemi abinci mai zaƙi, mai sanyi, mai ruwa-ruwa da ɗan maiƙo. Ya ambaci shinkafa da madara da man shanu, da wani abin sha mai suna mantha, garin soyayyen hatsi da aka dama da ruwan sanyi aka sa sukari. Ya ambaci naman dabbobi da tsuntsayen busasshen daji, abin da masu tallar Ayurveda na zamani sukan tsallake domin bai dace da hoton da suke sayarwa ba. Ya ce a rage gishiri, da tsami, da yaji, da abinci mai zafi. Giya kuwa ko a bar ta, ko a sha kaɗan, ko a tsinka ta da ruwa mai yawa. A daina motsa jiki mai wahalarwa, a kuma ja baya ga kusantar iyali. Barcin rana, wanda littafin ya hana yawancin masu lafiya a sauran shekara, a bazara an halatta shi ga kowa, saboda dare ya gajarta jiki kuma ya bushe. Da rana a zauna a ɗaki mai sanyi, da dare a hau soro a kwanta a farin wata. Vagbhata ya ƙara da nonon ɓaunar gida da aka ajiye a sarari da dare ya yi sanyi, da ruwan sha mai ƙamshin kafur a sabon tulu.

Wurin da Vagbhata ya fi nuna gwaninta, a ganina, shi ne maganar gaɓar yanayi. Ya ce kwana bakwai na ƙarshen yanayi mai tafiya da kwana bakwai na farkon mai zuwa lokaci ne na musamman, ritusandhi. A cikin mako biyun nan mutum ya riƙa sakin tsohon tsari a hankali yana kama sabo a hankali, domin canjin farat ɗaya shi ke kawo cuta. Likitocin zamani masu kula da sojoji da 'yan wasa sun iso kusa da wannan lissafi ta tasu hanyar: jiki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi, ya koyi yin gumi da wuri, ya kuma rage gishirin da ke fita a cikin gumin.

Ba duka za a haɗiye ba. Bayanin da suka gina a kan abubuwa uku da suka ce su ke tafiyar da jiki, vata da pitta da kapha, bai yi daidai da abin da aka gano game da jini da ƙoda da jijiya ba. Maganar rage gishiri kuma tana da haɗari ga wanda ke aiki a rana yana zubar da gumi tun safe, domin shi gishirin yake asara, kuma ruwa zalla ba zai mayar masa da shi ba. Wannan kuskuren yana nuna wa aka rubuta wa littafin. Mutumin da ake ce wa ya shafa sandal, ya rataya lu'ulu'u, ya wuni a lambu mai ruwan gudu ana yi masa fifita da mafici mai laima, ba shi ke haƙa ramin ruwan ba, ba kuma shi ke riƙe da maficin ba.

Talakawa sun yi nasu ritucharya, kuma ta fi ta littafi sanin gumi. A Bihar da gabashin Uttar Pradesh, leburori da manoma suna dama sattu, garin soyayyen waken da suke kira cana, su sa gishiri da lemun tsami, wani lokaci da albasa da ɗanyen barkono, su sha ya riƙe su har la'asar, kamar dai yadda fura da nono ke riƙe matafiyi. Ana dafa ko gasa ɗanyen mangwaro a yi abin sha mai suna am panna, da gishiri da na'ana'a, kuma an daɗe ana ɗaukarsa kariya daga lu. Ruwa a randar ƙasa yake kwana. Ana saƙa saiwar jema, wadda suke kira khus, a rataya a ƙofa da taga a riƙa yayyafa mata ruwa, sai iskar da ta shigo da zafi ta ratsa ta ta fito da sanyi da ƙamshi.

Addini kuma ya mayar da shayarwa ibada. A watan Jyeshtha mabiya Hindu suna azumin Nirjala Ekadashi, wuni da kwana ba ci ba ko ɗigon ruwa, kuma sadakar ranar ita ce tulun ruwa, da mafici, da lema. A bakin hanyoyi ana kafa rumfunan ruwa kyauta masu suna piyau. Mabiya Sikh suna raba ruwan sanyi mai zaƙi a titi a wannan lokaci don tunawa da jagoransu Guru Arjan, wanda aka kashe a Lahore a 1606. Tun a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Ashoka, mabiyin Buddha, ya sa an rubuta a jikin ginshiƙin dutse cewa ya dasa itatuwan baniyan, dangin ceɗiya, a bakin hanyoyi don mutum da dabba su sami inuwa, ya dasa gonakin mangwaro, ya haƙa rijiyoyi. Ginshiƙin yana tsaye a Delhi har yau. A Gujarat da Rajastan kuma an gina rijiyoyi masu matakala, irin su Rani ki Vav da sarauniya Udayamati ta gina a Patan a ƙarni na 11, inda mutum zai bi ruwa yana sauka hawa-hawa yayin da yake ja baya, ya kuma sami wurin zama mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan mutane sun gane cewa ba a tsallake bazara mutum shi kaɗai. Inuwa da ruwa aikin gari ne.

Amma garin bai haɗa da kowa ba, kuma littafin da ya ɓoye wannan ya ci amanar mai karatu. Waƙar nan ta 90, wadda ta ba bazara matsayinta a tsarin duniya, ita ce kuma ta kasa mutane aji huɗu bisa haihuwa. A bayan zamani an sami waɗanda aka jefa ƙasa da ajin huɗun, aka ce taɓa su ƙazanta ne, aka hana su rijiyar gari. A ranar 20 ga Maris, 1927, Dokta Ambedkar ya jagoranci dubban waɗannan mutane, wato 'yan Dalit, zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad, cikin jihar Maharashtra ta yau, suka kamfaci ruwa suka sha. Dabbobi suna sha a tafkin nan, 'yan Dalit ne kawai aka hana. An far musu da sanduna a ranar, daga baya kuma aka yi wa tafkin abin da aka kira tsarkakewa da kashin saniya da fitsarinta da madara. Sai a 1937 babbar kotun Bombay ta tabbatar musu da haƙƙinsu. Kundin tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda Ambedkar ya shugabanci kwamitin rubuta shi, ya ambaci rijiyoyi da tafkuna da sunansu cikin wuraren da ba za a hana ɗan ƙasa ba. Duk wanda zai yi maganar zaman lafiya da halitta a Indiya, ya fara da tambayar wa aka bari ya sha.

Panjab kanta, mahaifar Rigveda, ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi wa lokaci gaggawa. Bayan sauyin noma na shekarun 1960, jihar Panjab ta Indiya, wadda ba ta saba da shinkafa mai yawa ba, ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunanta. Manoma suka riƙa dashe tun watan Mayu, a tsakiyar Girishma, suna cika gonaki da ruwan rijiyar burtsatse da wutar lantarkin da gwamnati ta mayar kyauta daga 1997, rana kuwa tana shanye shi kafin shinkafa ta amfana. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa nutsewa shekara bayan shekara. A 2009 majalisar jihar ta yi dokar da ta hana zuba iri kafin 10 ga Mayu da dashe kafin 10 ga Yuni, wato doka ta tilasta wa manomi jiran damina, abin da kakanninsa suke yi ba da ɗan sanda ba. Gyaran ya zo da nasa ciwon. Girbi ya matsa baya, tazarar da ke tsakaninsa da shukar alkama ta ƙuntata, manoma suka ƙara dogara ga cinna wa karan shinkafa wuta, hayaƙin kuma yana cikin abin da ke turnuƙe Delhi a watan Nuwamba.

A birni ma an koma ga tsohon darasi, bayan an yi asarar rayuka. A watan Mayu na 2010 zafi ya kai digiri 46.8 a Ahmadabad, kuma da masu bincike suka kwatanta rajistar mace-mace da ta shekarun kusa, sai suka ga ƙarin mutum 1,344 a watan. A 2013 hukumar birnin ta ƙaddamar da shirin tunkarar zafi, birni na farko da ya yi hakan a kudancin Asiya. Ana sanar da jama'a kwanaki kafin zafin ya iso, da alamar launi uku gwargwadon tsananinsa. Ana koya wa ma'aikatan asibiti gane bugun zafi da wuri, ana kai ruwa unguwannin marasa galihu, ana buɗe lambuna da wuraren ibada don mutane su fake, ana shafa wa rufin gidaje farar ƙasa ko farin fenti. Wani nazari da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa shirin yana ceton sama da rai 1,000 a shekara, kuma jihohi da birane da dama sun kwaikwaye shi. A Kerala hukumar ƙwadago takan ba da umarni a lokacin zafi cewa masu aiki a rana su huta daga 12 zuwa 3 na rana. Hutun da Charaka ya rubuta wa masu hali ya shiga takardar gwamnati da sunan lebura. Sai dai umarnin ya fi aiki a kan wanda ke da ubangida da za a ci tara. Mai tura kura, da mai tallar kayan marmari, da mai kai saƙo a babur, waɗanda abincin darensu ke fitowa daga cinikin tsakar rana, har yanzu su ke biyan awa ukun nan daga aljihunsu idan suka zauna.